Haƙoran Karatu da Haƙoran Tuwo

Daga Allah muke, kuma gare Shi Baffa ya koma ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai a gonakin bayan gari. Wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarama, kuma a cikin gidansa na nan Illela na zauna karɓar gaisuwa kusa da Inna, matarsa.

Ban taɓa ganin zaman makokin da tambaya ɗaya ta cika shi kamar wannan ba. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta yi mana ya haƙuri, ta yi addu'a, sannan ta rage murya ta tambayi abin da ya same shi, don kwanan nan mijinta ya gan shi a masallacin Juma'a da ƙafarsa. Sai mu ce haƙori ne. Daga nan fuskar mai tambaya takan canja. Wasu su yi shiru kamar mun ɓoye musu wani abu. Wata tsohuwa daga Garu ta ce ita ta san irin wannan kumburin, daji ne, likitoci ne kawai ba su son faɗi. Gwaggo kuwa, ƙanwar Baffa da ke aure a Tozai, ko rage murya ba ta yi ba.

"Haƙori ba shi kashe mutum," in ji ta. "Akwai hannu cikin abin ga. Ku dai kun zaɓi ku yi shiru."

A waje ma haka aka yi. Yaya, babban ɗan Baffa, wanda ke fatauci tsakanin Illela da Ƙonni, ya ce mini wani dattijo da ya tsallako iyaka don gaisuwa yana cikin ɓare goro aka gaya masa dalilin rasuwar. Sai ya mayar da goron aljihu, ya yi ta laluba gefen bakinsa da harshe har ya tashi.

Mutum ɗaya ce ba ta amsa tambayar kowa ba, wato Auta, 'yar autar Baffa, wadda ta yi karatun kula da lafiyar haƙori, take aiki a Sakkwato. Tana zaune a lungu, ba ta kuka, ba ta magana. Na ga yadda mata ke satar kallonta, na kuma san abin da ke ransu: ga mai ilimin haƙori a cikin gida, amma haƙori ya ɗauke maigidan.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ina tsoron kada shekaru su wuce a rasa abin da za a tuna da shi sai malamin nan da haƙori ya kashe. Ina kuma tsoron kada a ɗora wa Auta abin da ba nata ba.

Baffa ya gaji makarantar zaure daga kakanmu, kuma shi ne mai jan baƙi a tafsirin unguwarmu duk watan azumi. Ba shi da babbar murya, amma harafinsa a wanke yake fita, ko kana bayan katanga ba ka rasa ko ɗaya. Yakan ce mana harshe kaɗai ba ya karatu, sai da taimakon haƙoran gaba, don a kansu harshe da leɓe ke dogara. Saboda haka ya raba haƙoran mutum gida biyu. Na gaba su ne haƙoran karatu, na baya kuwa haƙoran tuwo. Asuwakinsa ba ya rabuwa da aljihun gaba, kuma in ka kula sai ka ga na gaban yake yi wa hidima, yana gogawa a hankali kamar mai share allo. Na bayan, wucewa ɗaya yake yi musu.

Lokacin da nake famfara, haƙorana na gaba suka zube a tare, karatuna ya koma iska kawai. Yara suka yi ta dariya har na daina ɗaga murya. Baffa bai daki kowa ba. Ya sa duk wanda ya yi dariya ya buɗe baki a gaban jama'a, ya nuna masa nasa giɓin ko wanda ke girgiɗi, sannan ya ce daga ranar ni zan riƙa biya masa karatu a kunne, shi kaɗai, har haƙoran su fito. Haka muka yi. Marainiya ce ni a lokacin, ban jima da zuwa gidan ba, kuma wannan raɗar da nake yi a kunnensa ita ta sa na fara jin nan ma gidanmu ne.

Abu biyu yake so bayan karatu. Na farko shayi irin na Buzaye, wanda yake dafawa da kansa a 'yar buta bayan la'asar, da sukarin da Yaya ke kawo masa daga Ƙonni. Kurɓa yake yi kaɗan-kaɗan har magariba. Na biyu alawar sanyaya maƙogwaro, wadda yake ajiyewa a kumatun hagu in yana koyarwa, in ta narke ya sa wata. Ko da aka ce yana da ciwon suga, ragewa ya yi, bai daina ba. Bakinsa kuma ya riƙa bushewa, sai ya ƙara riƙe alawar.

Auta ce ta fara ganin abin, wani zuwa da ta yi gida ana saura kaɗan a fara azumi. Yana dariya ta hango wani ɗan tabo fari fat kamar alli a gindin haƙorinsa na gaba, dab da dasashi. Ya ce hasken asuwaki ne. Ta ce asuwaki ba ya barin fari marar sheƙi, wannan farkon ruɓewa ne, kuma a haƙorin karatu yake. Da ta ce na baya ne, na tabbata da bai motsa ba. Amma washegari shi da kansa ya ce a nemo mota. Ni na raka su Sakkwato.

Likitan haƙorin da Auta ta kai mu wurinsa ya duba, ya ɗauki hoto, sannan ya zauna ya yi masa bayani ba gaggawa. Ya ce duk lokacin da zaƙi ya daɗe a baki, ƙwayoyin cuta na mayar da shi tsami, tsamin kuma na zuƙe sinadarin da ke sa ɓawon haƙori ya yi tauri. Farin tabon nan wurin da aka zuƙe ne, amma saman bai fashe ba. Muddin bai fashe ba, yawun baki da sinadarin fuloraid da ke cikin man goge baki suna iya mayar masa da ƙarfinsa, ba sai an taɓa shi da inji ba, in dai an rage yawan lasar zaƙi. Baffa ya ji daɗin wannan ƙwarai.

Sai likitan ya juya hoton, ya nuna masa wani haƙorin tauna na ƙasa, ɓangaren hagu. Ya ce wannan ya riga ya yi kogo. Abinci na kwana a ciki, buroshi ba ya kaiwa, kuma kogo ba ya rufe kansa ko da me aka shafa. Sai an ƙwaƙule ruɓaɓɓen an yi ciko. Baffa ya tambaya ko haƙorin ya mutu ne. Likitan ya ce da ransa, shi ya sa yake so a cike shi yanzu, tun ruɓar ba ta kai jijiya ba.

Baffa ya ƙura ido yana kallon kujerar da kayan ƙarfen da ke jere kusa da ita. Can ya ce ba zai bari a taɓa masa baki ana gab da tafsiri ba, a bari sai bayan salla. Likitan ya shafa wa na gaban wani magani, ya roƙe shi kada ya wuce hakan.

Ban taɓa ganin dattijo ya bi maganar likita kamar yadda Baffa ya bi ta a kan haƙorin gaban nan ba. Ya bar alawa ɗungurungum. Shayi ya koma sau ɗaya a rana tare da abinci, sukari ɗan kaɗan. Ya sa aka sayo masa buroshi da man da Auta ta zaɓa. Da ta ce masa bayan gogewa tofarwa kawai zai yi, kada ya kurkure, sai ya yi nazari ya ce to zai riƙa yin alwala tukuna, gogewa ta biyo baya. Har yaran makaranta abin ya shafa, don alawar da yake ba wanda ya iya hadda ta koma soyayyiyar gyaɗa. Suka yi ta guna-guni, shi kuwa yana dariya.

Bayan wasu watanni tabon ya daina kama da alli. Ya yi santsi, ya yi sheƙi, ya ɗan yi duhu. Auta ta duba ta ce ruɓar ta tsaya, wurin ya yi tauri. Baffa ya yi ta nuna wa abokansa, yana ɗaga leɓe da yatsa kamar yaro.

Wannan warkewar ita ta zama mana masifa. Salla ta wuce, Auta ta tuna masa da ciko, ya ce a bari zafi ya ragu. Zafi ya ragu, ya ce a bari a yi shuka. Rannan da ta zo gida ta matsa masa a tsakar gida, Yaya na nan, da wani baƙon malami da ya shigo gaishe da Inna. Sai Baffa ya fito da abin da ke ransa.

"Wanda ya warkar da na gaba Shi za ya warkar da na baya," ya ce. "Man guda nika goga musu. Mi ya raba su?"

"Rami ya raba su, Baba. Na gaba bai huje ba, wanga ya huje. Ko shekara goma ka yi kana gogawa ba ya cikewa."

"Haƙorin tuwo ne hwa."

"Jini guda ke ratsa su. Baba, wanga ba karatunka ba ne, nawa ne."

Da ta tsaya kafin jimlar ƙarshe, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Gaskiya ta faɗa, amma a gaban baƙo ta faɗe ta, ga mutumin da tun yana saurayi ba a taɓa ce masa wani abu ba karatunsa ba ne. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki butarsa ya fita zaure. Daga ranar, in ta kira waya yakan amsa gaisuwa, ya sa mata albarka, ya miƙa wa Inna.

Abin ya soma a hankali. Da farko ruwan randa ne ya daina sha sai an sirka masa. Daga baya muka fara jin ƙanshin kanumfari duk inda ya zauna. Ya koma tauna da ɓangaren dama, Inna kuma ta riƙa sassauta tuwo ba tare da ta ce komai ba. Wata rana na same shi a zaure ya dafe kunci, idonsa a rufe, yara na ta karatu ba mai gyara musu. Da ya ji motsina ya sauke hannun ya ce gyangyaɗi ne. Yakan aika kemis a sayo masa maganin rage zafi, ya haɗiya, ya ci gaba da harkarsa.

Sai wata safiya ya fito da fara'a ya ce ciwon ya tafi gaba ɗaya. Ya sha ruwan sanyi a gabanmu don mu gani. Inna ta yi waina ta rarraba sadaka. Ni ma da murnata na kira Auta in yi mata albishir. Ba ta taya ni murna ba. Ta ce haƙorin da ke da kogo in ya daina ciwo haka kawai, ba warkewa ya yi ba, jijiyar ce ta mutu, ruɓar kuma za ta bi saiwa ta gangara cikin ƙashi. Ta ce yanzu ma ciko ya wuce, sai dai a wanke saiwar ko a cire, kuma mai ciwon suga ba shi da lokacin jira.

A ƙarshen makon ta zo. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri a kan maganar da ta yi, ya ce ya yafe tuntuni. Ta roƙe shi ya buɗe baki ta duba. Ya ce lafiyayye ba ya buɗe wa likita baki. Ta koma Sakkwato tana kuka a mota, Yaya ne ya gaya mini.

Mun yi kwanaki masu daɗi bayan nan, kuma su ne na fi jin tsoron tunawa. Yana cin abinci, yana raha, har ya leƙa gona. Ranar wata Juma'a na ga ya ja rawaninsa ya rufe haɓa, abin da ba ya yi sai da sanyi. Ya je masallaci ya dawo. Inna ce ta ga abin da ke ƙarƙashin rawanin: kumburi a ƙasan muƙamuƙi, mai tauri kamar icce, ga zafi. Ya ce mata kaluluwa ce, ta dafa masa ruwan gishiri.

Washegari da hantsi ina tsakar gida ina jin karatunsa daga zaure. Haruffan sun yi nauyi, kamar mai magana da loma a baki. Sai ya tsaya a tsakiyar aya. Na jira ya ci gaba, bai ci gaba ba. Tunda nake ban taɓa jin ya bar aya a rataye ba. Na sa hijabi na leƙa. Yana zaune ya sunkuyo, yawu na zuba a kan rigarsa don ya kasa haɗiya, kumburin ya tsallaka ɗaya gefen, harshensa ya taso sama.

Yaya na Ƙonni, ya hau babur ya tsallako. A asibitin gari suka yi wa Baffa allura, suka ce a wuce da shi Sakkwato kada a tsaya ko'ina. Hanya ta sha ruwa, mota na tafiya tana kauce wa ramuka. Bai iya jingina ba, in ya kwanta baya numfashi ya tsaya, don haka a zaune ya yi tafiyar, goshinsa a kan kujerar gaba, ni da Inna muna riƙe da shi. Ƙarar numfashinsa kawai ake ji. Bayan mun wuce Gwadabawa Inna ta fara karanta masa surar da ya bari, ya ɗaga yatsa ya gyara mata wani wasali.

Auta na tsaye a ƙofar asibiti. Da aka ɗora shi a kan gadon turawa, ya kama wuyan hannunta ya ja ta kusa. Ya nuna bakinsa, ya buɗe shi iyakar yadda zai buɗu, wanda bai wuce shigar yatsa ba. Ta sunkuya ta duba, ko da yake babu sauran abin da dubawarta za ta yi. Ta ce, "Na gani, Baba." Ya gyaɗa kai, aka wuce da shi.

Likitoci sun yi iya yinsu. Sun tsaga sun fitar da mugunya, sun sa masa abin numfashi, amma cutar ta shiga jini, sugansa kuma ya ƙi sauka. Washegari gab da azahar Allah Ya karɓi abinsa.

Da mutane suka ragu, gida ya koma mu kaɗai, Inna ta shiga takaba. Ni ke kai mata abinci. Sai na kula in ta kurɓi fura mai sanyi takan runtse ido ɗaya, ta karkatar da kai. Na gaya wa Auta. Inna ba ta yi gardama ba, ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta buɗe baki. Auta ta daɗe tana dubawa. Ta ce akwai fararen tabo biyu waɗanda man goge baki da barin zaƙi za su iya tsayar da su, amma akwai kogo ɗaya a haƙorin tauna, kuma ba ta son a jira.

Gwaggo ta ce mai takaba ba ta taka waje, ko me ke ciwo ta daure har ta fita, haka iyayenmu suka yi. Yaya ya je wurin babban ɗalibin Baffa, wanda yanzu ke riƙe da makarantar. Ɗalibin ya ce abin da Malam ya karantar da su shi ne, lalura na fitar da mai takaba da rana, in dai za ta dawo ta kwana a ɗakinta. Gwaggo ta ce su suka sani. Da gari ya waye muka sami Inna zaune da tsohon hijabinta, tana jiran mota.

Wannan hanyar dai muka sake bi. Sai da muka yi nisa Inna ta ce akwai abin da Malam ya hana ta faɗi, amma tana ganin yanzu nauyin ya sauka. Ta ce bayan rigimarsu da Auta, ya shirya shi kaɗai ya tafi Sakkwato, ya ce wa mutane dubiya za shi. Ya kai har ƙofar likitan. Yana zaune a benci sai ya ji ƙarar injin daga ciki. Ya zauna har aka kira shi, ya tashi ya fita, ya hau mota ya dawo gida.

"Ba gardama ba ce," in ji Inna. "Tsoro ne. Ya ce mini tun yana yaro anka cire mishi haƙori da awartaki a kasuwa, mutum huɗu na danne da shi. Kunya ta hana shi gaya ma ɗiyar da ya haifa."

Auta ta juya fuska ga taga. Sai a lokacin na ga kukanta.

Da muka isa, aka nuna mana benci a bakin ƙofar. Injin na ƙara a ciki, siririyar ƙara mai shiga har cikin kai. Inna ta riƙe hannuna. Da aka kira ta ba ta motsa ba. Auta ta zo ta durƙusa a gabanta, ta ce za a yi mata allurar kashe zafi tukuna, kuma ita ba za ta saki hannunta ba har a gama. Inna ta dube ta, ta dubi ƙofar, ta yi bismilla ta miƙe.

Likitan ya ce saura kaɗan ruɓar ta kai jijiya. Ya cike shi. Kafin rana ta faɗi Inna na cikin ɗakinta, leɓenta bai gama sakewa ba, tana yi wa mijinta addu'a da rabin baki.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ya kyautata wa littafinka, ya kyautata wa marayu, ya ji tsoro kamar yadda bayi ke ji. Ka yafe masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka amintar da shi daga duk wani abin tsoro da ke gaba.